Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tarayyar Turai: Mudun Intanet Ya Koma Hannun Babban Ɗan Kasuwa

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai gina shafukan intanet ne, kuma da wannan sana'a nake riƙe da gidana tun zamanin da ake zuwa kafe a sayi awa guda, a zauna ana kallon hoto yana sauka kaɗan-kaɗan kamar ana warware tabarma. Ni ba ɗan ƙasashenku ba ne, ba ni da ƙuri'a a wurinku, ba kuma na biyan ku haraji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, hukuncin da kuke yankewa a kan manyan kamfanonin manhaja yakan iso har cikin wayar da ke aljihuna, haka ma wanda kuka ƙi yankewa. Kuma kun fi shekara ashirin kuna kokawa da wannan al'amari, don haka ba baƙon zance na kawo muku ba.

Bari in fara daga kasuwar hatsi, don a nan na fi gane abubuwa. Mai gero da mai saye ba sai sun san juna ba, ba sai ma sun yarda da juna ba. Mudu ne ke tsakaninsu. Kowa ya san girmansa, kuma ba na kowa ba ne. To a ce babban ɗan kasuwar da ya fi kowa buhuna, wanda biyu cikin uku na masu saye ke tsayawa a rumfarsa, shi ne kuma ke ƙera mudun, shi ke da ikon ƙara masa baki ko buga masa gindi ranar da ya ga dama. Ko da mutumin nan waliyyi ne, sarkin kasuwa mai hankali ba zai bar abin a haka ba. Ƙa'idojin yanar gizo, wato HTML da CSS da sauran 'yan'uwansu, su ne mudun intanet. Su suka sa shafin da na rubuta a shagona yake buɗewa iri ɗaya a wayar ɗan acaɓa da kwamfutar farfesa. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta sakar wa duniya fasahar yanar gizo kyauta a watan Afrilun 1993, Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro fasahar, kuma ya kafa W3C, ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo, a 1994, duk don kada mudun ya zama mallakar wani.

Mu masu rubutu da Hausa mun ɗanɗani amfanin ma'aunin da ba na kowa ba. Akwai lokacin da in kana son ƙugiyar ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito, sai ka sa wani salon haruffa na musamman a kwamfutarka, wanda ka aika wa rubutun kuma in ba shi da irinsa sai ya ga akwatuna da alamomin tambaya. Da yawa suka haƙura suna rubuta k' da d', wasu suka watsar da ƙugiyar gaba ɗaya, har mai karatu ya rasa ko baƙi ake nufi ko baki. Abin da ya raba mu da wannan wahala shi ne tsarin Unicode: kowane harafi da lambarsa guda, kuma kowace manhaja ta amince da ita. Ba alfarmar wani kamfani muka nema ba. Wannan wasiƙar ma, in ƙugiyoyinta sun iso gare ku lafiya, albarkacin wannan ne.

Labarin Microsoft kun fi ni saninsa. Ya liƙa burauzarsa Internet Explorer, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a cikin Windows, kishiyarta Netscape ta durƙushe. Ma'aikatar shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka kai shi ƙara a watan Mayun 1998, alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarni a raba kamfanin gida biyu a watan Yunin 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, aka ƙare da sulhu. A watan Agustan shekarar aka fito da Internet Explorer 6, ba a jima ba tara cikin goma na masu shiga intanet suka koma ta ƙofarta. Daga nan mai rumfa ya ga ba shi da abokin gasa, ya miƙe ƙafa. Sai da aka yi shekara biyar, har watan Oktoban 2006, kafin a ga wadda ta gaje ta.

Abin da takardun kotu ba su nuna sosai ba shi ne yadda babakere ke cinye ƙa'ida a ƙasa, a teburin masu sana'a irina. Duk wanda ya yi wannan aiki a lokacin ya san yadda abin yake. Za ka rubuta shafi yadda littafin ƙa'ida ya ce, ya zauna daram a burauzar da ke bin ƙa'ida, sannan a wadda kowa ke da ita ginshiƙin dama ya zame ƙasa, rubutu ya hau kan hoto. Ka je ka yi wa mai aikin bayani cewa shafinsa daidai yake, burauzar ce ta kauce. Amsar da za ka samu guda ce: "Malam, ni ba ruwana da littafinku, gyara mini shi ya buɗe a wadda mutane ke da ita." Kuma yana da gaskiya, kuɗinsa ya biya. Haka miliyoyin shafuka suka karkata suka bi karkatar manhaja ɗaya, har ta kai wanda ya bi ƙa'ida shi ake gani kamar mai kuskure. Koriya ta Kudu ta fi kowa shan wannan ɗaci. Tun daga 1999 aka ɗora tsaron hada-hadar banki da sayayya ta intanet a ƙasar a kan ActiveX, fasahar da ba ta aiki sai a Internet Explorer a kan Windows, kuma sai da suka shafe fiye da shekara goma suna neman hanyar fita. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Yanzu ga inda nake son ku tsaya tare da ni. A watan Disambar 2007 kamfanin Opera na ƙasar Norwe ya shigar da ƙorafi a gabanku, wata uku bayan kotunku ta tabbatar da tarar yuro miliyan 497 da kuka ci Microsoft a 2004. Shugaban sashen fasaha na Opera a lokacin shi ne Håkon Wium Lie, mutumin da ya fara kawo shawarar CSS a 1994, wato ba ɗan kallo ba ne a harkar. Buƙata biyu suka kawo. Ta farko, a raba burauzar da Windows ko a bai wa mutane zaɓi. Ta biyu, a tilasta wa Microsoft bin ƙa'idojin yanar gizo da aka amince da su. Kuka ɗauki ta farko da hannu biyu. A watan Disambar 2009, zamanin kwamishiniyarku ta harkar gasa, Uwargida Neelie Kroes, kuka ɗaure Microsoft da alƙawarin allon zaɓin burauza na shekara biyar, a watan Maris na 2010 kuma allon ya fara fitowa da burauzoji 12. Da aka sabunta Windows 7 allon ya ɓace, ya yi wata 14 ba ya nan, mutum kusan miliyan 15 ba su gan shi ba, kuka ci tarar yuro miliyan 561 a watan Maris na 2013. Buƙata ta biyu kuwa ba ta samu irin wannan ɗauri ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ba zan yi wa Google rashin adalci ba. Da Chrome ta fito a watan Satumbar 2008 ta fi saura sauri, ta kuma girmama ƙa'ida fiye da wadda ta tarar a kan karaga, mu kanmu mun yi murna da zuwanta. Tushenta, Chromium, a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya gina tasa. Amma ba nagarta kaɗai ta kai ta inda take ba, kuma ku da kanku kuka faɗa: a watan Yulin 2018 kuka ci Google tarar yuro biliyan 4.34, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne sharaɗin da ya gindaya wa masu ƙera wayoyin Android cewa sai sun sa Chrome da manhajar bincikensa kafin su samu lasisin Play Store. Kotu ta rage kuɗin zuwa biliyan 4.125 a 2022, amma ta bar jigon hukuncin. A yau kusan biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya ta Chrome suke shiga. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Sai dai yawan masu amfani da Chrome ba shi ne ya fi damuna ba. Burauza kamar mota take: akwai jiki da fenti da suna, akwai kuma inji. Injin shi ne ke karanta ƙa'ida ya mayar da ita abin da ido ke gani, kuma ƙera shi aikin ɗaruruwan injiniyoyi ne na shekaru. Opera, mai ƙorafin 2007 da kansa, ya ajiye injinsa Presto a babbar burauzarsa a 2013 ya koma kan Chromium. Microsoft ya sanar da irin wannan mataki a watan Disambar 2018, sabuwar Edge ta fito a watan Janairun 2020. Brave, Vivaldi, Samsung Internet, duk inji ɗaya ne a cikinsu, wato Blink. Manyan injina uku suka rage a duniya: Blink na Google, WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. WebKit yana raye ne mafi yawa saboda Apple ya daɗe yana tilasta wa duk burauzar da za ta hau iPhone ta yi aiki da shi, wato wani babakeren ne ke tare wani. Gecko kuwa, mafi yawan kuɗin da Mozilla ke samu daga Google yake fitowa, ladan sa binciken Google a gaba a cikin burauzarta Firefox. Shari'ar da aka yi a Amurka ta bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 a irin waɗannan yarjejeniyoyi, kuma Apple ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. To ku duba teburin: masu inji uku ne, ɗaya a cikinsu shi ke ciyar da ɗaya, yana kuma yi wa ɗayan babban ihsani duk shekara.

Saboda haka in kuka nuna wa mutum allo mai sunaye goma sha biyu kuka ce ya zaɓa, yawancin abin da yake zaɓa fenti ne.

Dattawan wannan harka sun san haɗarin tun da wuri, shi ya sa suka kafa al'ada: ba a ɗaukar sabuwar fasaha a matsayin ƙa'ida sai an ga injina masu zaman kansu, aƙalla biyu, sun aiwatar da ita kuma sun dace da juna. Da gaske suke yi. A 2010 W3C ta dakatar da aikin Web SQL, wata fasahar adana bayanai a cikin burauza, ɗungurungum saboda duk waɗanda suka aiwatar da ita manhaja guda suka jingina da ita, SQLite, babu hannu na biyu. Amma tun daga watan Mayun 2019, bisa yarjejeniyar da W3C ta sa wa hannu, rubutun ƙa'idojin HTML da DOM ya koma hannun wata ƙungiya mai suna WHATWG, wadda kamfanoni huɗu ke jan ragamarta: Apple, Google, Microsoft da Mozilla. Biyu daga cikin huɗun inji ɗaya suke tuƙawa. Kuma a aikace ba a zauren taro ake yanke magana ba. Mai babban inji yakan saki sabon abu, manyan shafuka su fara dogaro da shi, sauran injinan su tarar da zaɓi biyu: su bi, ko masu amfani da su su ce burauzar ta lalace. Daidai abin da mai aikin nan ya faɗa mini shekarun baya, sai dai yanzu ana yin sa cikin ladabi, da takardu a bainar jama'a.

Misalai suna nan a rubuce. Daga 2016 zuwa 2021, jaridar da ke son labarinta ya hau jerin manyan labarai a saman binciken Google a waya sai ta gina shafinta da AMP, tsarin da Google ya ƙirƙira. Ƙarfin kasuwar bincike aka yi amfani da shi aka juya yadda ake rubuta shafi. A 2023 wasu injiniyoyin Google suka kawo shawarar Web Environment Integrity, wadda za ta bai wa shafi damar neman shaida daga wani mai tabbatarwa cewa na'urarka da burauzarka sahihai ne kafin ya saurare ka. Mozilla da Brave da Vivaldi suka yi ca, a watan Nuwamba aka janye ta. Ku lura, surutun jama'a ne ya hana, ba wata doka ba. Da ta wuce, waɗanda za a fara rufe wa ƙofa su ne masu tsofaffin wayoyi da na hannu da waɗanda aka yi wa gyaran kasuwa, wato yawancin mutanen da nake gina wa shafuka. Sai kuma Manifest V3, sabon tsarin ƙananan manhajojin da ake ɗora wa Chrome, wanda ya sa uBlock Origin, shahararriyar manhajar tare tallace-tallace, ta fara daina aiki a cikinta daga ƙarshen 2024. Google ya ce don tsaro ya yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Amma kamfanin da mafi yawan kuɗinsa daga talla yake fitowa, shi ne kuma ke yanke iyakar abin da mai tare talla zai iya yi. Kura ce aka bai wa ajiyar nama, ko ba ta ci ba za a riƙa ƙirga tsokar. Wanda ke da intanet ba iyaka a gidansa zai ga abin ƙarami ne. Wanda ke sayen data ta naira ɗari biyu, tallan bidiyo guda ya lashe masa rabi, ya san ba ƙarami ba ne.

Kwanan baya wata yarinya 'yar maƙwabtanmu ta zo shagona da wayarta, tana son cike takardar neman shiga wata makaranta. Kwana biyu tana fama. Ta cike komai, ta ɗora hoto, in ta danna maɓallin turawa sai shafin ya yi shiru. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa a yi amfani da burauza kaza, sabuwar fita. Wayarta ba ta da sararin ɗaukarta sai ta goge hotunan bikin yayarta, ta kuma sayi wata datar. Na buɗe mata a kwamfutata, cikin minti uku aka gama. Laifin na wanda ya gina shafin ne, bai gwada shi a ko'ina ba sai a inji ɗaya. Amma na san dalilinsa, don ni ma in aiki ya matse ni haka zuciya ke raya mini: wa zai biya ni kuɗin gwaji a injin da mutum uku cikin ɗari ke hawa?

Na yaba da dokarku ta kasuwannin dijital. A watan Satumbar 2023 kuka ayyana Chrome da Safari cikin manhajojin masu tsaron ƙofa, wato manyan kamfanonin da sai ta hannunsu ake isa ga jama'a, daga watan Maris na 2024 kuma dokar ta hana tilasta wa kowa wani inji, da barazanar tarar da za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Wannan shi ne karon farko da na ga doka ta ambaci inji da sunansa. Sai dai a 2024 Apple ya buɗe ƙofar a cikin iyakokinku kaɗai, ma'ana mai burauza sai ya riƙe iri biyu, ɗaya don Turai ɗaya don sauran duniya, kuma har aka shekara babu wata babbar burauza da ta fito da injinta a kan iPhone. A Amurka ma, alƙali Amit Mehta ya yanke a watan Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike, gwamnati ta nemi a sayar da Chrome, a watan Satumbar 2025 alƙalin ya ƙi. Ni ban yi baƙin cikin ƙin ba. In aka sayar da Chrome ga wani attajirin kamfani, mudun ya sauya hannu ne kawai. In kuma aka datse kuɗin da ke shiga Mozilla ba tare da an tanadi madadinsa ba, garin neman gira za a rasa ido.

Ba ina roƙon ku zauna ku rubuta HTML ba, Allah Ya kiyaye; ma'aikatan gwamnati ba su fi injiniyoyi sanin wannan aiki ba. Abin da nake roƙo shi ne ku koma ƙirga injina maimakon sunaye, a duk lokacin da kuke auna ko akwai gasa. Ku hana mai tsaron ƙofa amfani da bincikensa ko bidiyonsa ko wasiƙunsa ko taswirarsa wajen fifita fasahar da wani inji mai zaman kansa bai amince da ita ba tukuna, kuma in ana ƙirga masu amincewa, Chrome da Edge a ɗauke su murya ɗaya. Ku leƙa yadda ake mulkin Chromium. A watan Janairun 2025 an kafa wani asusun tallafa masa a ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, da Google da Meta da Microsoft da Opera a ciki, amma Google da bakinsa ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na gyare-gyaren da suka shiga tushen a 2024 nasa ne. Buɗaɗɗen gida ne, amma makullin ɗakin girki yana hannun mutum ɗaya. Sannan ku sa kuɗi. Servo, injin da Mozilla ta fara, daga baya ta cire hannunta daga kansa a 2020, yana ƙarƙashin Linux Foundation Europe tun 2023, kamfanin Igalia na Sifaniya na jan aikinsa. Kaso kaɗan na tarar da kuka ci a 2013 kaɗai zai riƙe irin wannan aiki shekaru masu yawa.

Takardar ƙorafin watan Disambar 2007 tana nan a ma'ajiyarku. Kamfanin da ya rubuta ta ba shi da injin da zai kare yanzu, wanda aka yi ƙorafin a kansa ma ya rufe Internet Explorer a watan Yunin 2022. Ina roƙon ku ɗauko ta, ku wuce buƙata ta farko, ku sake karanta ta biyu da sunayen kamfanonin yau a gabanku.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai gina shafukan intanet